Kafin a Kwance Fulogi

Haladu ya tsayar da boksinsa a ƙofar garejina
saura kaɗan a kira la'asar.
Shekara uku ban ji muryarsa ba,
sai ga ta: "Injin na ɗingishi, Yaya."
Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.
Na ce ya ɗaga bonet.

Zafi ne ya fara fitowa,
irin wanda baƙar ƙasar Gadarif ke fitarwa
in ta tsattsage bayan damina.
Na ce, "Sai ya huce."
Ba a kwance fulogi inji na huci,
haƙoransa kan tafi da naman ƙarfen.
Muka tsaya.
Ladiyo ta aiko da jabana, citta ta yi yawa.
Shi yana duban tayarsa,
ni ina duban inuwata.

Da ya huce na zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya.
Rami huɗu, kowanne da ajiyarsa:
busasshiyar laka, baƙin mai,
fiffiken fara, guntun zaren buhu.

Haladu ya miƙo sifana.
Tun muna yara hannunsa kan riga shi isa.
Na ce a'a.
Usɗa Barau, Allah ya jiƙansa,
ya taɓa make min ƙeya a kan wannan:
"Abin da ke bakin rijiya
shi ke fara faɗawa in an ɗaga murfi.
Tsakuwa ɗaya, ko ƙwayar gero ba ta kai ba,
za ta shiga silinda ta zauna,
ta yi ta karta inda ido ba ya kaiwa.
Bayan wata shida a ce motar ce ta tsufa."

Na tsoma tsohon buroshin haƙori a fetur,
na bi wuyan kowane fulogi a hankali.
Na naɗa tsumma a kan tsinke, na kwakule.
An ɗauke wuta tun safe, kwamfuresa tana kwance,
sai tiyo da bakina.
Na runtse ido, na hura.

A rami na uku
abin da ya tashi ya sauka a leɓena.
Riɗi.
Fari ne, zafin inji ya soya shi.
Na san ɗanɗanon. Na gonar Hawata ne,
wadda Baba ya bari ba shinge a tsakiya,
muka tsaga ta da baki
tun ba a naɗe tabarmin makoki ba.

Maganar ta taso har maƙogwaro.
Ta yi laushi kamar notin da ya kwana a mai,
juyi ɗaya za ta fito.
Amma na dubi kewayenta:
abin da aka ce na ce,
da wanda na ce ɗin,
kuɗin tarakta,
daren da Inna ke asibiti ban ɗaga waya ba.
Duk suna nan a baki, suna jiran a buɗe.

Sai na ce, "Yaya ƙafar Tabawa?"
Ya ce, "Ta fara takawa."
"An samu ruwa bana?"
"Har ya so ya yi yawa."

Na sassauta fulogin rabin juyi,
na sake hurawa,
don wani dattin sai an motsa yake nuna kansa.
Uku lafiyarsu lau, kalar toka.
Na huɗun baƙi ƙirin, bakinsa ya cinye.
Na ɗauko sabo, na fara ɗaura shi da yatsu;
sifana sai a ƙarshe,
ita ma ba da ƙarfi ba.

Ya murza makulli.
Injin ya tashi da ƙafa huɗu.

"Nawa ne?"
Na goge hannuna, na ce,
"Mudun riɗi. Amma kada ka aiko yaro."

Ya daɗe riƙe da ƙofar motar.
Ladan ya kira. Buta ɗaya ce a garejin.
Na miƙa masa ya fara.